Mai Amsa wa Inna

Shekarar da aka ba mu jiha aka kai ni aure Argungu. Gidanmu na Birnin Kebbi gidan malamai ne, ko kiɗan ƙwarya ba a yi. Sai ga ni tsamo-tsamo a gidan zabiya da ɗan kama.

Surukina kowa ya san shi. In ya fito yana kwaikwayon mai cin tuwo da zafi, har masunta kan bar jiragensu su zo kallo. Matarsa kuwa, Inna, ta yi waƙa a gidajen biki tun kafin a haifi mijina. Lokacin da na zo ta daina fita, domin 'yan amshinta duk sun riga mu gidan gaskiya. Mutum ɗaya ya rage mata, shi ne mijin nata. Da hantsi tana tsince shinkafa a faifai sai ta ja baiti, shi kuma daga bakin ɗakinsa ya maƙe murya irin ta mata ya amsa. Ni da na zo da ɗaurin fuska, ɗaki nake shigewa in ci dariyata.

Da ya rasu ta fita takaba, sai ta riƙa jan baiti ta tsaya daidai inda zai amsa, sannan ta sunkuyar da kai. Abinci ma sai an yi da ita. Na ji tsoro ƙwarai kada ta bi shi.

Wata rana muna shanyar shinkafa a tsakar gida, ta ja baiti ta tsaya. Ban san lokacin da na amsa ba, da wata murya kamar ƙofar kwano.

Ta ɗago ta dube ni. "Ɗiyam malamai, mi kic ce?"

"Amshi na, Inna."

"Wanga ba amshi ba na, kuka na. Sake."

Na sake, ta ƙara kushewa, muka yi ta yi har azahar. Ranar ta cinye tuwonta tas.

Allah ya ja kwananta har ta yi waƙa a bikin ɗiyata ta fari, ina bayanta ina amsawa, 'yan'uwana na Birnin Kebbi suna ta kallon ƙasa. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa na iya ba. Amma kullum da hantsi takan leƙo ɗakina da faifanta ta ce, "Ke nike jira."