Sai Kawu Bawa Ya Leƙa Ƙarƙashinta

Duk wanda ya taɓa ajiye mota a ƙofar gidanmu a Rikoto ya san abin da ke biyo baya. Kafin a kawo maka ruwa, kafin ma a gama gaisuwa, Kawu Bawa ya riga ya shimfiɗa tsohon buhun taki ya shige ƙarƙashin motarka, sai ƙafafunsa kawai kake gani. Ko da kayan coci ne a jikinsa ba ruwansa. Abu ɗaya yake nema, wato farfela, dogon ƙarfen nan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. In ya gan shi, sai ya fito da fara'a ya ce a dafa maka shayi. In bai gani ba, ya kakkaɓe hannu ya dube ka da tausayi ya ce, "Allah shi kyauta. Wagga ba mota ba ce, akuya ce anka ja da igiya."

Har sabon fasto bai tsira ba. Ranar da ya fara zuwa gaishe mu, yana tsaye da Littafi a hammata, Kawu ya leƙo daga ƙarƙashin motarsa ya ce, "Fasto, wa'azinka ya yi, ba ni da ta cewa. Amma motarka jan gaba ce." Mama Ladi, matar Kawu, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya.

Ni ce Saratu, ɗiyar ƙanwarsa, kuma a hannunsa na tashi, saboda haka na sha labarin asalin wannan ciwo har na haddace. Kawu direba ne a soja, har ya kai saja, manyan motoci yake ja. Wata rana wani hafsa ya ba shi 'yar motarsa mai ƙofa biyu ya ce ya kai wanki. An yi ruwa, filin fareti ya jiƙe, babu kowa. Kawu ya karya sitiyari ya taka mai, bayan motar ya zame ya zagayo, ta juya da shi kamar ana rawa. An kulle shi a gadurum saboda haka, amma kullum in ya zo nan a labarin sai ya lumshe ido ya ce, "Ko sun ƙara mini wata guda, wallahi ban biya kuɗin daɗin ba."

Tun da ya yi ritaya ya dawo Zuru, burinsa ke nan. Mota yake so ƙarama, mai ƙofa biyu, mai giyar hannu, wadda ƙarfinta ke tayoyin baya. Ranar Lahadi ta kai shi coci cikin mutunci, ranar Asabar ya kai ta filin koyon mota a bayan gari ya juya ta son ransa. Kuma kada kuɗinta ya fi ƙarfin ɗan fanshonsa. Mu duk mun ɗauka abin wata biyu ne. Ashe mun shiga ke nan!

Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne Oga Obinna, mai shagon kayan mota kusa da tasha, wanda Kawu ya naɗa dillalinsa ba tare da ya tambaye shi ba. Obinna ya taɓa samo masa wata 'yar Jamus baƙa wuluk, an kawo ta daga Kwatano, inji na gurnani. Kawu ya shiga ƙarƙashi, ya ga farfela, ya fito, muka fara murna. Sai ya ce, "Obinna, in wagga ta yi tari, ina maganin?"

"Oga Saja, ba wahala, zan yi oda daga Anacha."

"Kana da kayanta cikin shago yanzu?"

"Yanzu yanzu dai babu."

"To kahin odarka ta iso, kajin Ladi sun yi ƙwai a ciki sun ƙyanƙyashe. Mai da musu abinsu."

Wata kuma ta zo, fara, ƙasa-ƙasa, wadda ta shiga ransa ƙwarai. Ya zagaya ta, ya shafa ta, har ya yi mata fito. Saura gwaji ɗaya, wai sai an ga ko Mama Ladi za ta iya shiga da kayan cocinta. Aka sa baiwar Allah ta ɗaura goggoro ranar Talata tsaka. Shiga dai ta shiga, goggoron ya lotse ya rufe mata ido. Fitowa ce ta gagara. Sai da ni da Obinna muka kama hannu ɗaya ɗaya muka ja, maƙwabta na leƙe ta katanga. Da ta miƙe ta ce, "Bawa, in ka sayi wanga akwati, sai ka nemi matar da za ta riƙa shiga."

Kawu ya ce, "Motar ba ta da laifi, goggoron ne ya yi tsawo." Amma washegari ya sa aka mai da ita.

Ni kuwa da na fara aikin jinya na haɗa ɗan abin da na samu na sayi ƙaramar mota, wadda kowa ke saye, mai shan mai kaɗan. Na kawo ta gida don ya sa albarka. Ko buhu bai shimfiɗa ba, ya ɗan rusuna ya leƙa, ya miƙe. Daga ranar sunan motata ya koma akuyar Saratu, har yaran unguwa haka suke kiranta. Haushi ya kama ni na ce, "Kawu, ni ko akuya ce ina hawa. Kai fa? Shekara nawa kana zaɓe kana hawan acaɓa?"

Ya dube ni ya ce, "Ke yarinya ce. Damina nawa na yi ina noman golmo a gonar uban Ladi kahin anka ba ni ita? Bayana har yau bai miƙe ba. Kin ga na yi kuskure?" Na ce a'a. Ya ce, "To ki bar ni in zaɓa."

Dariya muka yi, kullum dariya muke yi. Zaɓen motar Kawu ya zama abin nishaɗin gidanmu, in an taru Kirsimeti shi ne abin hira. Yau in na tuna sai raina ya sosu, don a cikin waɗanda ya mayar akwai biyu ko uku da babu abin da ya same su, kuma a lokacin hannunsa da idonsa garau suke.

Ni na fara lura da idon. Na ga ya daina leƙe, sai lalube yake yi da hannu in ya shiga ƙarƙashin mota, kuma da rana tsaka yana cewa a miƙo masa tocila. Da ƙyar na ja shi wurin likita. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma tafiya yake yi. A hanyar gida, yana zaune a cikin akuyar tawa, na ce, "Kawu, don Allah ka sayi ko wacce ce. Ka hau tun kana ganin hanya."

Ya ce, "Ko wacce ce? Saratu, ido ne ke sauri, ba ni ba."

Sai da aka ƙara damina biyu sannan Obinna ya iso wata safiya yana ta danna ham. Wata tsohuwar 'yar Japan ce ya samo a Kontagora, ja ce amma rana ta cinye fentin, ƙofa biyu, giyar hannu, kayanta kuma akwai su a shagonsa. Rufinta ma na da tsawon da goggoro zai wuce. A lokacin Kawu ba ya gane mutum a tsakar gida sai ya ji murya. Muka shimfiɗa masa buhu, ya shige. Ya daɗe a ciki har Mama Ladi ta fara kiran sunansa. Da ya fito, hannunsa duk baƙin mai, ya ce, "Ita ce."

Obinna ya gyara tsayuwa, ya shirya cinikin yini guda. Ya faɗi kuɗi. Kawu ya ce, "Na saya." Obinna ya ce, "Oga Saja, haba! Ka taya mana ko kaɗan, ni ban saba haka da kai ba." Shi da kansa ya rage.

Asabar ɗin da ta biyo baya an kwana ana ruwa. Na kai mu filin koyon mota, jar ƙasa ta yi laushi, babu kowa sai gonar gyaɗa a gefe. Kawu ya sa na kama hannunsa na zaunar da shi a kujerar direba. Ya riƙe sitiyari, ya tayar da inji, ya karkata kai yana saurare. Ya taka kuloci ya zagaya giya ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya kashe, ya fito yana lalube, ya miƙo mini makulli.

"Shiga. Ni zan zauna gefe in riƙa gaya miki."

"Kawu, ni fa akuya na iya ja."

"Yau za ki hau mota. Sa giya ta biyu. Yawwa. Karya sitiyari hagu. Taka mai. Taka mana, Saratu, ba jariri kike yi ma allura ba!"

Na rufe ido na taka. Bayan motar ya kwashe ya zagayo, duniya ta juya, na ƙwalla ihu ina kiran Yesu, laka na tashi ta ko'ina. Kafin in san inda burki yake muna tsakiyar gyaɗar mutane. Kawu kuwa dariya yake yi har da dukan cinya, hawaye na zuba. "Kin ji? Kin ji yadda ta turo daga baya? Abin da nike gaya muku ke nan!"

Mai gonar ya iso da fartanya a kafaɗa yana huci. Kawu ya sauke gilashi ya ce, "Yi haƙuri, ɗan'uwa, direban sabuwa ce. Za mu biya." Da mutumin ya tafi, Kawu ya riƙa shafa kan giyar. Can ya ce, a hankali, "Na daɗe wurin zaɓe, Saratu." Wannan ne karo ɗaya da na taɓa jin ya ba kansa laifi a kan wani abu, kuma da ma ban ji ba.

Ya ce mu dawo wata Asabar, zai koya mini yadda ake kama ta in ta zame. Ba mu dawo ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi a makon, kafin a cire gyaɗar nan Kawu ya tafi. Motar da ya yi shekaru yana nema, ko taku ɗaya bai ja ta da hannunsa ba.

Ranar jana'iza duk wanda ya je ya gani. An kawo motar da za ta ɗauki akwatin, samari sun riga sun ɗaga, sai Mama Ladi ta ce a dakata. Ta juya ta ce, "Obinna, duba mini." Obinna bai tambayi mi zai duba ba. Da baƙar kwat ɗinsa ya durƙusa a laka, ya kwanta, ya shige. Mutane suka fara dariya, dariyar ta koma kuka. Ya leƙo ya ce, "Mama, akwai farfela." Ta ce, "To ku sa shi."

Allah ya jiƙanka, Kawu Bawa. Ubangiji ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutawa, ya buɗe maka idanun nan a inda ka tafi. Ya ba Mama Ladi haƙuri, mu ma ya ba mu. Amin.