Yashin da Baba ya ɗanɗana

Ko da zan manta komai na zamanmu a unguwar Karantina ta Jidda, ba na jin zan manta ranar da mahaifina ya miƙo mini waya ya ce in karanta masa laifinsa. Shekaru sun ja, amma har yau ranar tana raina.

Baba magini ne. Ya zo aikin Hajji yana saurayi, ya zauna a Jidda, ya yi aure, ya haife mu, ya tsufa yana ɗora bulo. Lasisin kwangila kuwa na kafilinsa ne, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, wani dattijo mai ƙaramar mu'assasa, wato kamfanin gini, a unguwar Bagdadiyya. A shekarar da nake ba ku labari aiki ya yi ƙasa sosai, har kafilin ya gaya masa ƙarara cewa in babban aiki bai shigo ba zai rufe mu'assasar. Rufe ta kuwa na nufin iƙamar Baba, takardar izinin zamansa, ta tafi, don babu kafilin da zai ɗauki tsoho mai ciwon gwiwa. Sai dai ya tattara ya koma Katsina, inda rabonsa da ita tun ba a haife ni ba.

Ana cikin haka sai aminin Baba, wanda muke kira Baffa, ya sayi gida a unguwar Madain Fahd yana son ɗora masa bene. Mun yi murna kamar an riga an gama ginin. Abu ɗaya ya rage. Babban ɗan Baffa, ma'aikacin ofis mai son ganin komai a rubuce, ya ce sai ya duba mu'assasar a shafin da hukuma ke wallafa sunayen 'yan kwangila masu lasisi, tare da duk hukuncin da aka taɓa yi wa kowannensu.

Baba bai iya waya ba, ko kira zai amsa sai ya kashe sau biyu tukuna. Shi ya sa bayan La'asar da na je gida daga ɗakin mijina ya ce in riga su dubawa. Na buɗe ina tsokanarsa cewa yau za mu ga asirin tsoho. Sai dariyar ta tsaya mini. Ƙarƙashin sunan mu'assasar akwai layi ɗaya: gargaɗi da tara, saboda amfani da kayan gini marasa inganci a wani gida, shekaru da suka wuce.

Na daɗe ina kallon wayar, sannan na ce masa babu komai, fes take.

"Uwata," in ji shi, haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "karanta babu komai ba ya ɗaukar wannan lokacin. Yalla, karanta mini."

Na karanta. Ni kuma Allah bai yi ni da riƙe baki ba, nan take na hau tsara masa abin da zai faɗa. Sunansa ba ya jiki. Magina nawa suka shiga mu'assasar nan suka fita? Ya ce wa Baffa aikin wani ne da ya daɗe da barin ƙasar, wa zai bi diddigi? Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji, sannan ya ba ni labarin da ko Mama ba ta sani ba.

Tsofaffin maginan Jidda, in an sauke musu yashi, sukan ɗebi kaɗan su sa a harshe. In sun ji gishiri, yashin bakin teku ne, sai an wanke shi ko a mayar, don gishiri yana cin rodi a cikin siminti. Ranar da aka kawo yashin wancan gidan Baba ya ɗanɗana, ya kuma ji gishirin. Amma mai gida yana ta azalzala, tankar ruwa ba ta zo ba, sai ya ce a ransa ai a Karantina da irinsa suke gina ɗakunansu, bai ga wanda ya faɗi ba. Ya manta cewa ɗakunanmu rufin kwano gare su, babu rufin kankare mai rodi a ciki. Bayan 'yan shekaru rodin ya yi tsatsa ya kumbura, wani ɓangaren silin ya ɓalle ya faɗo kan gadon yara. Allah ya tsare, suna makaranta. Shi da ƙafarsa ya je ya gaya wa kafili cewa harshensa ya ji gishirin, amma ya yi shiru.

Washegari ya ce in raka shi gidan Baffa. Na zata sulhu za a nema. Muna zama, ko shayin ba a gama zubawa ba, ya ce in buɗe shafin in karanta a gaban kowa. Na karanta cike da haushi. Ya dubi amininsa ya ce, "Sunan na kafili ne, amma hannun nawa ne."

Ɗan Baffa ya sunkuyar da kai, ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, yana ganin girman Baba, amma 'ya'yansa ne za su kwana a saman benen nan. Baffa ya rasa inda zai sa idonsa. Ni ina jira Baba ya yi roƙo, ko ya tuna musu gidaje nawa ya gina suna tsaye, sai na ji ya ce yaron ya yi daidai, shi ma da haka zai yi. Ya shanye shayinsa, ya ce halas, mu tafi.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi da shi ba, na ɗauke ƙafa daga gida mako uku cur. Ya kira, na ƙi ɗagawa, shi da kiran nan ɗaya sai ya yi fama kafin ya samu lambata. Ya aiko mini da dabino, na ba maƙwabta. A ganina ya zaɓi gaskiyarsa ya bar mu. Mama ce take gaya mini daga baya cewa duk yashin da sabon ɗan kwangilar ya sauke a gidan Baffa, sai Baffa ya ɗebo a leda ya kawo wa Baba ya ɗanɗana. Sau ɗaya ma ya sa aka mayar da mota guda.

Wannan bai hana mu'assasar rufewa ba. Wata huɗu bayan nan muka raka shi filin jirgi. Ya riƙe hannuna ya ce in daina saurin fushi, yana cinye mutum ta ciki. Ni kuwa kuka ya hana ni ba shi haƙurin da na shirya. Na ce zan zo Katsina in faɗa masa ido da ido, yau haihuwa, gobe takardu, har shekara biyu. A waya aka gaya mini rasuwarsa.

Daga baya aka rushe Karantina. Na je na tsaya inda nake zaton ƙofarmu take, ban gane ko lungunmu ba. Ɗakunan da ya gina wa mutane duk sun zama fili. Wani lokaci kewarsa kan ishe ni har in buɗe shafin nan, don shi ne kaɗai wurin da na san an rubuta wani abu da hannunsa ya yi, ko da kuskure ne, ko da babu sunansa.

Na daina tsine wa shafin. Yanzu ko famfo za a gyara mini sai na bincika wa zan kira, don na gane masu kwana ƙarƙashin rufi suna da haƙƙin sanin wanda ya zuba shi. Amma babban abin da na koya ya fi wannan ciwo. In naka ya faɗi gaskiyar da za ta cuce shi, ranar ce ya fi bukatar ka zauna kusa da shi. Wata huɗu suka rage mini da mahaifina a duniya, na ɗebi mako uku na zubar saboda ya ƙi yin ƙarya.