Ranar da Gola Ta Durƙusa

Ni fa har yau ban manta da ranar Alhamis ɗin nan ba. Bari dai in faro muku daga tushe.

Ba wanda ya koya min ƙwallo. Kawuna ɗan doka ne a Kazaure, su ke buga ta da la'asar a bayan bariki, ni kuwa ina leƙe ta ɓular zana har na gane kan abin: wa ke tsaron gida, wa ke kai hari, me ke sa a busa usur. Da aka ɗauke ni taimakon malama a ajin 'yan mata na elemantare, kawu ya ba ni tsohuwar ƙwallonsu ta fata mai igiya a baki, da usur mai tsaga a gefe. Wayyo daɗi! Na kafa karan dawa bibbiyu a bayan aji, na raba yaran nan gida biyu.

Ashe wahalar ba a ƙafa take ba, a kunya take. Ƙanwa ba ta ƙwace ƙwallo a ƙafar yayarta, sai ta kauce mata. Wata kuma ba ta iya kiran abokiyarta don sunan uwarta gare ta, kafin ta gama "ke, mai sunan Inna!" ƙwallo ta wuce. Na yi ta fama: "A filin nan babu yaya babu ƙanwa. In an tashi kya ba ta haƙuri." Suka kama kuwa. Akwai wata siririyar Bafillatanar Roni, in ta ɗaure zani ta ja ƙwallo, wallahi sai kallo. Golarmu 'yar garin Gwiwa ce, tafin hannunta kamar faifai.

Gola ta ce, "Ke mai ƙafar zalɓe, yau ba kya ci ni ba!"

'Yar Roni ta ce, "Tsaya nan, buhun gero, ina zuwa!"

Rannan babban malami ya kira ni. Baturiyar makarantu za ta zo rangadi, in ji shi. In wasan ya yi mata, za ta rubuta ni mai koyar da wasa, a ba mu kowace Alhamis. In bai yi ba, ƙwallo ta koma ajin maza. Shi dama can ya fi son hakan.

Ta zo, aka ajiye mata kujera a gindin maina, babban malami na tsaye yana mata tafinta. Na busa usur. Kai, ban taɓa ganin yaran nan sun yi wasa kamar ranar ba! 'Yar Roni ta yanke ɗaya, ta yanke biyu, saura ita da gola, ta taɓa ƙwallo gaba za ta ɗirka.

Sai sallama. Wani dattijo ne daga En'e, wato hukumar gargajiya, wanda ke duba makarantu, ya makara, ya ratso ta gefen fili da sandarsa.

Dukansu suka zube. Duka! 'Yar Roni ta durƙusa, gola ta durƙusa tsakanin kara biyu, kai a ƙasa: "Barka da yini, Baba." Ƙwallo kuwa ta gangara abinta a hankali, ta goge gwiwar gola, ta shige. Ni kaina sai ga ni a durƙushe da usur a baki. Na koya musu babu yaya babu ƙanwa, ban taɓa tunanin babba zai ratso fili ba.

Baturiya ta yi dariya har da share hawaye. Ba dariyar ce ta ƙona min rai ba, ni ma da a gefe nake zan dara. Abin da ya biyo baya ne.

Na ce, "Malam, don Allah gaya mata su sake, ta ga rabi ne kawai. Gaisuwa ce, ba rashin iyawa ba."

Ya juya ya yi mata Turanci kalma uku. Uku! Ba na jin Turanci sosai, amma na san kalmar godiya in na ji ta. Wai na gode. Ni da na roƙi a sake!

Ta yi doguwar magana, ya juyo yana murmushi: "Ta ce yaranki akwai ladabi. Masu ladabi irin wannan bai kamata su yi ta harbi da ƙafa kamar jakai ba. Za a kafa muku sanda da zobe, ku riƙa jefawa da hannu, kowa a tsaye inda take."

Ko ita ta ce jakai, ko shi ya ƙara gishiri, Allah masani. Dattijon ya ce, "Madalla, 'yata, Allah ya yi albarka." Bai ma san ya ci mu ɗaya ba. Tir! Mutum uku, ba wanda ya ga yankan da yarinyar nan ta yi.

An rubuta ni fa, mai koyar da wasa, amma na zobe. Takardar na nan, ko buɗe ta ba na so. Abu ɗaya na tsira da shi: tunda jifan zobe ma da ƙwallo ake yi, ba a kai ta ajin maza ba.

Alhamis ta zagayo, aka kafa sandar. Na miƙa wa 'yar Roni ƙwallo a hannu, ta dube ni, ta sake ta ta faɗi.

"Malama, ta suɓuce."

Na ce, "To, kar ki sunkuya, bayanki zai yi ciwo. Turo wa 'yar Gwiwa da ƙafa."

Sannan na tara su na ƙara doka ɗaya: in usur bai yi kuka ba, ko wa ya shigo, a gama cin gola tukuna, sannan a durƙusa.