Malam Hashimu Mailafiya, Mutumin Sahun Baya

Duk wanda ya saba sallar Asuba a ƙaramin masallacinmu na unguwar Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki, ya san Malam Hashimu Mailafiya. Shi ke riga kowa zuwa, wani lokacin ma shi ke kunna fitila, amma da an tayar da salla sai ka ga ya sulale zuwa sahun baya. In an idar ya ɗan jima a zaune, ya sha shayinsa a tsaye, ya nufi wurin gini. Na daɗe abin yana ɗaure mini kai. Mutum ya yi sammako haka, sannan ya bar mana ladan sahun farko, mu 'yan makara? Har na taɓa zargin ko tarin liman yake gudu.

Wani kamfanin gini ne mai tayar da gidajen alhazai ya ɗauke shi aikin sa ido kan lafiyar ma'aikata. Leburorin yawanci namu ne, kuma rauni ba ya yankewa: wannan dutse ya faɗo masa a ƙafa, wancan ya zamo daga kan katako. Masu yi musu magani, da masu wanke ciwo da masu ɗori, kowa sai da takardar izini, wadda a nan muke ce wa ruhusa. Duk shekara kafin Hajji ake sabunta ta, kuma sai Malam Hashimu ya sa hannu.

Ran nan dai na kasa haƙuri.

"Malam, wai me aka ajiye maka a sahun baya ne?"

Ya yi dariya. "Malam Ja'afaru, ka taɓa ce wa mutumenmu ya jiki ya faɗa maka gaskiya? Ko ƙafar na lilo, da sauƙi zai ce. Balle wanda ba shi da takardar zama, tsoro yake kada a raba shi da shugul, ya rasa aikin yi. Shi ya sa na daina tambayar baki. A farilla ba na waige. Amma in sun tashi nafila, sai in ga yadda mutum ke ruku'u, yadda yake naɗe ƙafa a zaman tahiya. A nan nake ganin aikin mai magani."

A haka ya gano Dauda, wani lebura mutumin Damagaram da ya karye a ƙwauri. An ce ya warke, ya koma ɗaukar siminti, amma a tahiya miƙe ƙafar yake yi, in zai tashi sai ya dafa bango. Wanda ya ɗora shi kuwa Baba Wada ne, maɗorin da Hindawiyya ke alfahari da shi, kuma mahaifin Sa'adatu, matar Malam Hashimu. Ga lokacin sabunta ruhusa ya zo.

Sa'adatu da kanta ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Malam Hashimu ya je gidan surukin ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya ɗauki buta zai zuba masa shayi, hannun na rawa, rabi a kofi rabi a faranti. Malam Hashimu ya sunkuyar da kai.

"Baba, bana ba zan iya sa hannu ba."

"Hashimu, ni na ɗora ubanka a Arfa kana goye."

"Haka ne, Baba. Amma ƙafar Dauda ta kama a karkace."

Tsohon ya ajiye butar. Unguwa ta ɗauka, aka ce Hashimu ba shi da kunya, ya ci mutuncin surukinsa saboda bare. Ni kaina raina ya sosu, don Baba Wada ya taɓa gyara mini targaɗe. Sa'adatu ta jima tana ajiye masa abinci ba magana. Shi kuwa ya kai Dauda asibiti aka sake gyara ƙashin, ya tsaya masa har aka bar masa gurbinsa a wurin aiki.

Kai ne, Malam Hashimu, ka yarda a zage ka a kasuwa don kada wani ya gurgunce a ɓoye. Kai ne ka san sa hannu amana ce, ko a gaban wanda ya ba ka 'yarsa. Mai ido a bayan sahu, na jinjina maka.

Makon jiya ya ajiye aiki. Washegari da Asuba ya nufi wurinsa na kullum, sai Baba Wada, wanda tun wancan lokaci gaisuwa kawai ke haɗa su, ya kamo hannun rigarsa da wannan hannu mai rawa.

"Ka gama gadin ƙafafun mutane. Tayyib, wuce gaba."

Ya tsayar da shi kusa da Dauda. Da aka zauna tahiya, Dauda ya naɗe ƙafarsa kamar kowa. Na ji hawaye ya zo mini.

Mun gode, Malam Hashimu. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka ladan duk sahun farkon da ka bari. Ku kuma da aka damƙa wa lafiyar ma'aikata, kada ku tsaya ga "da sauƙi", ku je ku gani da idonku. Gurbinsa a sahun baya yana nan, har yau ba wanda ya zauna.