Talatar da Inna Hure Ta Bi Larai Asibiti

Inna Hure ƙanwar mahaifina ce, mai daddawa a ƙauyenmu da ke gefen Zakirai. Tun tana budurwa take dafa kalwa, da ita ta aurar da 'ya'ya mata uku. Ba ta da yawan magana, ba ta kuma kai wa kowa kuka.

A shekarun da bam ke tashi a Kano, ɗanta na fari, Muntaka, da Iliyasu ɗan maƙwabciyarta Larai suka kai albasa birni. Suna cikin tasha abin ya tashi. Gawarsu aka dawo da ita.

Shekara biyu matan nan suna zaman tabarma ɗaya kowace la'asar, suna ɓarar gyaɗa. Dukansu ba sa samun barci. In taya ta fashe a titi, tare suke zabura.

Sai aka fara turo wata likita asibitin gari duk Talata, mai sauraron waɗanda tashin hankali ya taɓa. Larai ta je. Bayan wata uku ta koma cin kasuwa, zaman la'asar ya ragu. Ran nan muna tsakar gida Inna na wanke kalwa, dariyar Larai ta tsallako danga. Inna ta tsaya cak.

"Kin ji ta ko?" ta ce da ni. "Wai yanzu sai an tashe ta sallar asuba. Nata ɗan ba mutuwa ya yi ba?"

"Ke ma ki je mana, Inna."

"In je in tono ranar da aka sauko da shi daga mota? Da ƙyar na danne ta. In ta taso, wa zai mayar mini? Kuma an ce komai sai ka faɗa, har suna."

Inna ba ta taɓa kiran sunan Muntaka ba, saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan" take cewa. Ko ranar jana'iza a ƙuryar ɗaki ta yi kukanta. Iliyasu kuwa auta ne, Larai ta yi ta kiran sunansa a gaban jama'a, mata suka rungume ta suna rarrashi. Inna tana kallo daga bakin ƙofa.

Wata Talata da safe Larai ta leƙo da mayafinta.

"Hure, tashi mu je."

"Je ki, 'yar lelen likita. Mu da ba mu iya zazzage wa baƙo cikinmu ba muna nan."

"To zauna. Dubi idonki kamar garwashi."

Larai ta wuce. Inna ta ɗauraye ƙwarya ɗaya har sau uku, sannan ta ce in ɗauko mata mayafi. "Ba shiga zan yi ba. So nake in ga abin da ake ba ta."

Da muka isa, Larai na fitowa daga ɗakin likita, fuskarta sakayau. Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta ja hannuna muka shiga. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ranar ba zan faɗa ba. Sunan ma ba zan faɗa ba."

"Ba sai kin faɗa ba, Inna," in ji likitar. "Fara daga inda kike so. Duk inda kika ce a tsaya, mun tsaya."

Inna ta zauna a bakin kujera. Ta daɗe tana murza gefen mayafi.

"Yaron nan," ta ce, "ba ya shan miya in ba daddawata a ciki."

Likitar ta yi mini alama, na fita.

Da Inna ta fito idonta ya kumbura. Larai, da ta tsaya jiran mu a benci, ta matsa mata, Inna ta zauna.

"Ta ce in dawo Talata," in ji Inna. "Ke ma ta ce miki haka ran farko, ko ni kaɗai?"

"Kowa take gaya wa, Hure."

Inna ta taɓe baki, ta share hanci da mayafi.

"Ƙarfe nawa kike fitowa daga gida?"