Ranar da Tafkin Dombes Ya Yi Ɗumi

Muna idar da sallar asuba muka ɗau hanya daga Bobigny da ke gefen Paris, ni da abokina ɗan Damagaram, a tsohuwar motarsa mai tari kamar ta sha taba. Sandunan fatsa na baya, ga gwangwanin masara na ɗana wa kifi, ni kuma ɗan ma'aunin zafin ruwa na cikin aljihuna. Lyon muka nufa, wajen kawuna.

Mu asali masuntan Madarunfa ne. Kawu ya yi ritaya, kuma sati mai zuwa zai koma gida gaba ɗaya. Shekara da shekaru yana yi mini gori wai sana'ar kakanmu a hannuna ta mutu, kifina bai wuce na firiza a shagunan unguwar Belleville ba. Gorin yana cina, ba zan ɓoye ba. Shi ya sa na ɗaukar masa alkawari ba zai hau jirgi ba sai ya ci kifin da na kama da hannuna.

Tun watan Maris yake damuna da waya, wai rana ta fito, Turawa sun tuɓe rigunan sanyi, me nake jira. Ni kuwa na san rana daban ruwa daban. Kifin da suke kira karp ba ya buɗe baki sai ruwa ya haura digiri goma sha biyu, kuma duk lokacin da na tambayi mai kula da tafkin da za mu je sai ya ce takwas ne, tara ne. In na yi gaggawa in dawo hannu rabbana, in na yi nawa jirgi ya tashi da kawu. Sai da aka jera kwanaki ana rana babu iskar arewa na ce bismillah.

Hanya dai shimfiɗe take, gonaki sun yi rawaya da fure har iya gani. Amma kowace ƙofar peyaj, inda ake biyan kuɗin hanya, sai ta tatse mu, kuma kofin da muka sha a wurin shan mai, kuɗinsa zai ciyar da mutum wuni guda a Maraɗi. Abokina ya ce da wannan tsadar ai gara mu sayi kifin mu jiƙa shi da ruwa mu kai wa tsoho. Na ce masa tuƙi aka ɗauko shi yi, ba shawara ba.

Wajen azahar muka isa Vaulx-en-Velin, unguwar kawu a gefen Lyon. Kawu ya amsa gaisuwa sama-sama, fuska a murtuke. Shi ya zaci tun jiya za mu zo, asuba ta same mu a bakin ruwa kamar yadda ake yi a gida.

"Ina ka taɓa ganin masunci ya hita su da rana tsaka? Kihi duk ya shige ƙasa, yaro."

Na yi masa bayani cewa a gida zafi kifi ke gudu, nan kuwa sanyi yake gudu, don haka sai rana ta gasa ruwa yake fitowa kiwo. Ya ce to, Allah ya sa ba karatun ya yi mini yawa ba. Matarsa ta cika mu da shinkafa da wake, muka kama hanyar Dombes, yankin tafkuna a arewacin Lyon.

Muka biya kuɗin wuni, na jefa ma'auni inda muka fara tsayawa: sha ɗaya. Muka zagaya can gefen da ruwa ba zurfi, inda rana ta wuni tana duka, iska kuma tana turo ruwan saman tafkin mai ɗumi. Sha huɗu! Kawu ya naɗe hannun riga ya tsoma gwiwar hannunsa, sannan ya gyara zama kusa da ni.

Har la'asar babu ko motsi. Abokina ya fara hamma yana tuna mini Belleville. Mun sallame salla ke nan sandata ta lanƙwashe, zare ya yi ƙara. Na manta da duk abin da na karanta, sai muryar kawu nake ji yana cewa in saki, in ja, kar in yi masa ƙarfi. Da ya fito, kifi ne ja-ja mai kauri kamar cinyata. Kafin rana ta faɗi na ƙara biyu, kawu ma ya karɓi sanda ya fitar da nasa, yana dariya har hularsa ta faɗi.

A gida shi ya feɗe su da kansa, aka soya da yaji. Ya ci ya tsotse ƙaya, ya ɗauki waya ya aika wa dangi saƙon murya:

"Ku hwaɗa ma kowa, barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrahe ba. Na ci kihin ɗana."

Washegari muka juyo Paris, mota na ƙarni, ni kuwa daɗi ya cika ni har ban ji zafin peyaj ba. Na koyi cewa a ƙasar nan ruwa ake tambaya, ba rana ba. Da muka iso na laluba aljihu, babu ma'auni. Na kira kawu, ya ce yana cikin akwatinsa, zai je ya ji abin da tafkin Madarunfa zai ce.