Sanƙon Zabo

A Gidan Sori, in an gama tuwon magariba, kakata Iya Tabawa takan zube mana kwandon wake gaban murhu. Dokarta ɗaya ce: wanda bai ɓare wake ba, ba shi da kunnen jin tatsuniya. Ni kuwa malalaci ne, sai ta zungure ni da marar tuwo, ta ce, "Kai mai gidana, haka za ka ciyar da ni?"

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta 'yan zabi biyu. Kowa ya san a garinmu kaza ake sa wa ƙwan zabi ta ƙyanƙyashe. To waɗannan biyun sun tashi cikin kaji, suka koyi yarensu, don da shi ake kiran tsaba. Ƙaramar ta riƙe na zabi ma. Babban ya ce ƙauyanci ne, ya watsar. Ran nan zabi suka hango shaho daga kan tsamiya, suka yi ta kururuwa. Ƙaramar ta ji, ta shige ƙarƙashin rumbu. Shi ko gogan yana tsaye yana tambayar mi suke cewa, shaho ya kwashe mishi gashin kai.

"Shi ya sa har yau zabo ke da sanƙo," in ji Iya. Mu yi ta dariya har wake ya zube.

Yau shekara shida ke nan aiki ya kai ni Japan. Da ɗiyata Hadiza ta shiga lakol, wato makaranta, tsoro ya kama ni kada a bar ta baya, na hana Hausa a gida. Japananci ya zauna mata, har ita ke karanta mini takardun lakol. Amma ran da mahaifiyata ta kira daga Agiye ta ce, "Hadiza, kin tashi lahiya?" yarinya ta juyo tana kallona in fassara. Wallahi kunya ta rufe ni. Malamarta ma, da na gaya mata, cewa ta yi: Japananci aikinta ne, Hausa kuwa in ban ba ta ba, ba mai ba ta.

Sai na sayo wake, na zube, na dawo da dokar Iya. Sau uku na yi wa Hadiza tatsuniyar zabi tana ta ɓarar wakenta kawai. A na huɗu ta daɗe tana kallon kaina, sannan ta ce da Hausa tsaf, "Baba, kai ma shaho ne ya kama ka?"

Ban taɓa jin daɗin sanƙona ba sai ranar.